Naman da Aka Zuƙe wa Iska

Kwanan baya wasu samari biyu suka tsaya gaban teburina a kasuwar Gusau. Ɗaya yana ɗaukar hoton cinyar san da na rataye da wayarsa, ko sallama bai yi ba, ɗayan kuma yana tambayata wai sati nawa mutum zai yi ya iya fawa. Sun sayo injin ɗaure nama a leda, za su riƙa talla ta waya suna kai wa ma'aikata har gida a unguwar Damba. Abin da ya rage musu, in ji shi, ɗan yanka ne da awo. Na dube shi tun daga takalmi har hula, na ci gaba da wasa wuƙata. Da na buɗe baki a lokacin zagi ne zai fito, ga mata tsaye suna jiran tsoka. To yanzu na huce kaɗan, kaɗan fa na ce, ga amsarku, ku da duk mai yi wa rogo kallon kitse.

Sunana Mani. A Tsafe aka haife ni, cikin gidan rundawa, wato mahauta, kaka da kakanni. Baffa Isa, ƙanen mahaifina, shi ya koya mini aiki, kuma aikin farko da ya ba ni ba ruwansa da wuƙa. Tumbi da hanji ya miƙo mini cikin kwano ya ce in je in wanke. Na daɗe ina wankin kayan ciki, har ƙannena suka daina zama kusa da ni in ana cin tuwo. Daga nan aka ƙara mini girma na koma riƙe ƙafa in ana fiɗa, sannan korar ƙuda. Kada ku yi dariya, a wurin korar ƙuda na fara sanin nama, don ƙuda ya riga kowa gane yankan da ya fara juyawa. Sai da Baffa ya ga hancina ya buɗe sannan ya bar ni na taɓa kaifi.

In zai gwada mutum, sai ya jera yanka-yanka a kan faifai, na safiyar yau da na jiya da wanda ya kwana ya wuni, ya ce ka rufe ido. Ka shinshina, ka danna da babban yatsa, ka faɗi wanne ne wanne. Na yau in ka danna shi tasowa yake ya cike gurbin yatsa. Na jiya ya saki jiki, launinsa ya dushe. Wanda ya wuce nan kuwa yauƙi yake fara yi, sannan tsami-tsami, sannan kore a jikin kitse, sannan warin da ko mai mura ba sai an yi masa bayani ba. Baffa yakan ce, "Nama ba shi ƙarya, Mani, barunje ka yin ƙarya. In kaj ji nama ya kashe mutum, to ya yi magana anka ƙi saurare." Na riƙe maganar nan kusan duk rayuwata. Gaskiya ce kuwa a kan naman da Baffa ya sani, wanda ke rataye a fili kowa na ganinsa.

Kayan aikin ba su da yawa, shi ya sa kuke raina su. Wuƙar yanka daban take, doguwa, ba a taɓa ƙashi da ita, ba a ara wa kowa ita ko da ciki ɗaya kuka fito. Wuƙar fiɗa gajera ce mai ɗan lanƙwasa, wadda za ta bi tsakanin fata da tsoka ba ta huda ba, don fata mai huji dukawa ko kallonta ba sa yi. Sai gatari na ƙashin baya, adda ta haƙarƙari, ƙugiyoyi, dutsen wasa wuƙa, da gungumen sara. Gungumena na ƙirya ne, da shi na zo Gusau, kuma kullum in an tashi sai na kankare shi da adda na zuba masa gishiri na bar shi a rana. Yanzu ina ganin masu sara a kan katako mai tsagu, jini ya shiga ya kwana, gobe a ɗora sabon nama a kai, sannan a lulluɓe da leda mai ƙyalli a ce tsafta. Wannan ba tsafta ba ce, ƙazanta ce aka sa wa riga.

Na tuna wani bajimi da muka yanka na biki a Tsafe cikin tsakiyar bazara. Masu biki suka ce a yanka da asuba, amma masu dahuwa ba za su iso ba sai yamma, a tara naman a manyan robobi a rufe. Baffa ya ce atafau. Ya sa muka kafa itace a inuwa muka rataye kowace cinya daban, ba wadda ta taɓa 'yar uwarta, kayan ciki kuwa ya sa aka ɗora su a wuta nan take. Uwar biki ta yi ta sababi wai mun shanya mata nama kamar wanki. Baffa ya ci gaba da rataye namansa. A hanya ya ce mini nama mai ɗumi in ka tara shi ka rufe, kansa yake dafawa. Babbar dokar fawa ke nan, kuma ba a kaifi take ba. San da aka yanka da asuba, kafin la'asar ya zama ya bar teburinka. Abin da ya rage, ko ya tafi wurin masu tsire da balangu, ko a yanyana shi siriri a shanya don kilishi, ko a soya shi ƙarau da gishiri.

Masu saye kuwa kowa da halinsa. Akwai Hajiyar da za ta danna kowane yanka da yatsa ta ce na jiya ne, alhali jininsa bai gama daskarewa ba. Akwai ma'aikacin da ke son tsoka zalla, ba ƙashi ba jijiya, sai ka ce san a kan iska yake tafiya ba da ƙafa ba. Akwai tsohon da bargo kawai ke kawo shi. Muna faɗa da su muna shiryawa, don kowa da hancinsa ya zo, ba wanda zai cuci wani ya yi nisa. Mu naɗe musu a takarda, su kai gida a ɗora a wuta.

Ragowar namana shekara da shekaru mutum ɗaya ke kwashewa, Garba mai tsire na Bungudu. Kullum bayan azahar sai ya sauko daga mota da buhunsa, ya zaɓi cinya da tozo da 'yar hanta, mu yi musun siyasa har muryoyi su tashi, ya koma. Tukubarsa, inda yake gashi, tana gindin wata tsamiya kusa da tasha. Mutum ne mai tsantseni, ya ma fi ni ƙyanƙyami, in yanka bai yi masa ba ko kyauta ka ba shi ba zai karɓa ba. Yana da wata ɗabi'a ta masu tsire. In ya soke nama a tsinke ya birkiɗa shi cikin garin ƙuli da yaji, kafin ya jera a wuta sai ya dangwali abin da ya jiƙe a gindin faranti da yatsa ya lasa, ya ji ko gishiri ya ji. Na sha tsokanarsa cewa wata rana sai ya haɗa da yatsan ya cinye. Yakan ce wanda bai ɗanɗana ba bai san abin da yake ba mutane ba.

Sai mummunar shekara ta zo. Hanyoyi suka lalace da rashin tsaro, makiyaya suka yi nisa da shanu, wasu kasuwannin ƙauye da muke zuwa saye suka daina ci. Dillalin da ke kawo mini daga wajen Kucheri ya ce ransa ya fiye masa sa. Mahauta muka koma haɗa kai mu yanka guda mu raba, kafin hantsi tebur ya yi fayau. Ana kukan targaɗe sai ga karaya, wuta ba ta zama, man janareto ya gagari mutane. Tunda ba ragowa, Garba ya daina zuwa. Na ɗauka ya rufe tukuba ya koma gona kamar yadda wasu suka yi.

A cikin wannan hali wani matashi ya buɗe shago a Damba. Ba zan kama sunansa ba, yana da iyaye, mu ce masa mai leda. Nama yake kawowa daga nesa a mota, an yanka an saka cikin leda mai kauri an zuƙe iskar ciki tas, har ledar ta manne da tsoka. Kyau kam yana da kyau. Ba ƙuda, ba jini a hannu, ba barunje mai baƙar magana. Abin da yake gaya wa kowa ɗaya ne: iska ke lalata abu, an cire iska, me ya rage? Kuma wai can inda ake ɗaurawa har haska shi ake da wani haske mai kashe ƙwayoyin cuta. Ko an haska ko ba a haska ba ni ban gani ba, shi ma na tabbata bai gani ba. Amma maganar ta shiga mutane, don ta yi daidai da abin da muka taso muna ji. Goro in ya sha iska ya bushe, ƙuli in ya sha iska ya yi laushi, wace uwa ce ba ta ce wa 'yarta ta rufe kwano kar iska ta shiga ba? Sai aka ɗauki ledar nan tamkar gwangwanin kifi, a ajiye ta a kan kanta, a bayan mota, a ƙarƙashin gado. Firizar shagonsa ita kanta rabin wuni akwati ce kawai.

Wata safiya a kwata, inda muke yanka, Dakta Rabi ta tara mu. Ita ce likitar dabbobi da ke duba mana nama kafin a fitar. Mace ce mai faɗa, mun sha kwasar ta da ita a kan hanta mai tsutsa, amma ban taɓa kama ta da ƙarya ba. Ranar ledar nan guda ce a hannunta.

Ta ce, "Akwai wata ƙwayar cuta, tana cikin ƙasa, tana cikin hanjin dabba, kullum tana taɓa namanku ba ta yi muku komi. Kwance take cikin ɓawo, kamar irin ciyawa da rani. Abin da ka hana ta tashi, iska ta. Ranar da kunka zuƙe iska, ga danshi, ga ɗumi, ranar za ta farka ta zuba dafi. Dafin ko ba shi da na biyu."

Wani daga baya ya ce, "To hasken hwa, Dakta? An ce shina kashe su."

"In ma da gaske an haska, hasken da aka yi ma ɗanyen nama ƙananan shika kashewa, waɗanda ka sa wari da yauƙi. Wagga mai ɓawon tana iya tsira. Ka kashe karnukan gida ke nan ka bar ɓarawo ciki. Nama shi yi kyau ga ido, hanci bai ji komi ba, ga ajali kwance."

Na ce, "Ke nan ledar ga mugun abu ta?"

"Ban ce ba, Baba Mani. Leda aiki ta mai kyau in sanyi bai yanke ba. Sanyi na kusa ga ƙanƙara, tun daga inda anka ɗaure har bakin tukunya, ba a ɗauke wuta da rana a maido da marece ba. In an buɗe kuma a dafa shi shi dahu har ciki, zafi mai ƙarfi shina kashe dafin. Amma kak kowa shi kai shi ga harshe kamin nan."

Ta faɗi sunan ciwon da Turanci, wai botulizim. Ta ce ido yake fara kamawa, sannan harshe da maƙogwaro, ya yi ta gangarawa har ya tsayar da numfashi, ba zazzaɓi, kuma mutum yana cikin hankalinsa. Wasu suka yi dariya suka ce likitoci ba sa rasa abin tsoratarwa. Ni ban yi dariya ba. Ranar aka fara gaya mini akwai naman da zai iya yi wa hancina ƙarya, kuma abin ya ba ni haushi ƙwarai. Duk wanda ya zo teburina bayan nan sai na gaya masa. Har shagon mai leda na taka na gaya masa. Ya saurare ni yana murmushi, da na gama ya ce ya gane, kasuwa ce ta yi mana wuya, Allah ya kawo sauƙi.

Wata Laraba da hantsi ina kankare gungume sai direban motar Bungudu ya tsaya a kaina ya ce, "Baba Mani, ba ka jiya ba? Iska ta taɓa abokinka Garba, tun shekaranjiya shina kwance." Na rufe tebur na bi shi.

Na tarar da gida cike da hayaƙin magani. Garba na zaune a tabarma an jingina shi da bango. Fatar idonsa ta sauko ta rufe rabi, baki a buɗe, yawu na zuba don ya kasa haɗiyewa. Na taɓa goshinsa, ba zafi. Yayansa Malam Buhari, wanda shi ne babba a gidan, ya ba ni labari. Da farko cewa ya yi yana ganin mutum ɗaya ya zama biyu. Sannan murya ta sauya ta koma ta hanci, muryar da ba tasa ba. Sannan in an ba shi ruwa ya dawo ta hanci. Ga shi a gindin tsamiya yake aiki, kuma da magariba. Me ake jira? An kira mai ruƙiyya, an yi tofi, an yi hayaƙi.

Ni ban ƙaryata iska ba, kuma ba na wasa da addu'a. Amma idon nan da maƙogwaron nan a jere suka zo yadda Dakta ta faɗa. Na tambaya ina Garba yake samun nama yanzu. Matarsa Asabe ta amsa daga bayan labule, ta ce ai daga Gusau ake kawo masa a kwali, irin na leda. Na fita na zaga ɗakin kwanon da yake ajiye kayan aiki. Ga kwalin nan a ƙasa, ɗaki ya ɗauki rana, ka taɓa leda ka ji ta da ɗumi. Gefe guda ya ware waɗanda suka kumbura zai mayar, don na gaya muku mutum ne mai tsantseni. Sauran lafiya lau a ido. Na farke ɗaya da wuƙa na kai hanci. Wallahi ban ji abin da zan kama ba, sai ɗan tsamin da ke tashi da an buɗe ya baje, wanda mai leda ya riga ya gaya wa kowa ba komai ba ne.

Na dawo na ce, "Malam Buhari, wanga ba iska ba ta. Nama na. Mu tahi asibiti yanzu."

Ya ce, "Nama? Mani, ji tsoron Allah. Rabin tasha sun ci tsiren ga, har ɗiyana sun ci. Wa yak kwanta? Nama na ka zaɓen mutum guda?"

Nan ya ɗaure ni, don gaskiya ya faɗa. Sai na ga hannun Garba yana motsi. Da ƙyar ya ɗago manuniya ya kai bakinsa, hannun ya faɗi, ya sake ɗagowa. Wani dattijo ya ce, "Kun gani ko? Tun jiya haka shika yi. Aljanin na ka cewa a yi shiru." Wani ya ce a'a, shahada yake yi. Ni kuwa yatsan nan na san shi. Na durƙusa na kama hannunsa na ce, "Garba, yaji kal lasa? Kamin ka sa ga wuta?" Ya matse mini yatsu. Na sake tambaya da ƙarfi don kowa ya gani, ya sake matsewa. Duk wanda ya ci tsire ya ci wanda wuta ta ratsa. Mutum ɗaya ne a Bungudu ya kai ɗanyen ruwan naman nan harshensa.

Abin da har yau yake tafasa mini zuciya ke nan. Mutumin nan yana ji, yana ganewa, ya ma riga kowa zargin abin da ya same shi. Yana zaune ana yi masa tsawa a kunne ana cewa fita, ana tura masa hayaƙi a ƙirjin da da ƙyar yake ɗagawa, shi kuwa yana ta nuna musu da ɗan ƙarfin da ya rage masa, suna fassara shi yadda suka ga dama.

Malam Buhari bai yarda ba. Ya ce ciwon iska in an kai shi asibiti an yi masa allura, mutuwa ce. Na ce a yi addu'ar a cikin mota, Allah yana can ma. Ya ce ba barunje ne zai zo ya raba shi da ƙanensa ba. Na gaya masa maganganun da ban taɓa gaya wa wanda ya girme ni ba, kuma ban janye ko ɗaya ba. Asabe ce ta raba gardama. Ta fito da mayafinta, ba ta dubi kowa ba, ta kama kafaɗun mijinta ta ce, "Malam Mani, kama ƙahwahu." Muka sa shi a mota.

A asibiti a Gusau likitoci ba su ɓata lokaci ba. Na ba su labarin leda da yatsa, na ga sun dubi juna. Babbansu ya ja ni gefe ya ce akwai maganin da ke tare dafin, amma ba abu ne da ake ajiyewa ko'ina ba, sai an nemo daga nesa. Kuma dafin da bai riga ya kama jijiya ba yake tarewa, da ma tun ranar da ido ya fara aka zo. Suka sa masa abin taimakon numfashi, suka yi iya yinsu. Garba ya cika kafin maganin ya iso. Allah ya jiƙansa. A Bungudu kuwa magana ta tabbata, an kai mai iska asibiti an yi masa allura ya mutu, kuma kowa ya san wanda ya ɗauki ƙafafu.

To ku masu inji, ku saurara. Ban ce ku jefar da injinku ba, zamani ne, ni ma ba da dutse nake yanka ba. Amma kun fara gini daga jinka. Kafin leda sanyi ake nema, wanda ba ya yankewa ko an ɗauke wuta, a shago da cikin mota da gidan mai saye. In ba ku da shi, ku rataye namanku a fili ku sayar kafin la'asar kamar kowa, in ya juya ya yi wari a zubar. Kada ku kuskura ku ce wa mace ta ajiye a kan kanta wai an cire iska. Ledar da ta kwana a ɗumi, ko ta kumbura ko ba ta kumbura ba, ko ta yi wari ko ba ta yi ba, ba ta mutane ba ce. In wannan ya yi muku wuya ku je ku sayar da takalmi, shi ba a lasarsa.

Ranar addu'ar uku muna zaune a tabarmi a ƙofar gidan Garba sai ga mota ta tsaya. Mai leda ne cikin farar shadda, ya zo ta'aziyya, don Garba babban mai sayensa ne. Ya durƙusa ya yi gaisuwa da ladabi. Sannan ya buɗe bayan motar da rana ta gasa tun daga Gusau, ya sauke kwali guda na naman leda, wai gudummawarsa ta miyar sadaka. Ba ƙanƙara ko gutsure a ciki. Ba da mugunta ya yi ba, shi ne ma abin da ya fi ƙona mini rai. Aka yi ta sa masa albarka. Malam Buhari ya ce a shiga da shi wurin mata.

Na san tafasa tana kashe dafin. Na kuma san yadda ake girkin taro, a yanka, a goge hannu a zane, a ɗauki goyo, a ɗanɗani romo tun bai tafasa ba. Na miƙe na karɓe kwalin daga hannun wanda ya ɗauka, na zaga da shi ta bayan gidan. Na haɗa shi da wancan na ɗakin kwano, na zazzage su a kan itacen da Garba ya tara a gida don tukubarsa, na zuba kalanzir na ƙyasta ashana.

Mai leda ya biyo ni yana cewa, "Baba, wanga almubazzaranci na! Hassada ta kai haka?"

Na ce, "Ka cire iska ga nama ka tara ta ga kanka. Matso kusa in haɗa da shaddar."

Sai na ji wani a bayana ya ce, "Inna lillahi, iskar ta koma ga Mani." Mutane suka ja da baya, ba wanda ya sake kusantata, ni kuwa hakan ya yi mini daidai. Na tsaya a kan wutar nan ina ƙara itace har ya zama ba abin da kare ko yaro zai iya ja.

Ranar a gidan mai tsire da miyar kuka lami aka ci tuwon sadaka, ko ƙashi babu. Malam Buhari har yau ba ya amsa sallamata, kuma a tashar Bungudu akwai masu matsawa in na zauna a benci. Su matsa. Ni dai na san ba a sake fitar da gawa daga gidan nan ba a satin.